Daga Dirhami Zuwa Sidi: Fuskokin Sarakuna a Akwatin Kakanninmu



Duk wanda ya taɓa zama gaban malami a tafsirin watan azumi, a Nima ne ko Maamobi ko Sabon Zango, ya ji ƙissar Ashabul Kahfi. Samarin nan sun farka bayan barcin shekara 309, yunwa ta kama su, suka aiki ɗayansu cikin birni da kuɗin azurfa ya sayo abinci. Malaman tafsiri sun ce abin da ya tona asirinsa shi ne kuɗin da ya miƙa. Mai sayarwa ya juya su ya ga bugun zamanin Sarki Diƙyanus ne, wanda ƙasa ta daɗe da rufe idonsa, sai ya zaci yaron nan wata binnanniyar dukiya ya tono. Tsabar azurfa ta faɗi abin da mai ita bai sani ba: mulki ya juya, zamani ya wuce.

Wannan ita ce ɗabi'ar tsabar kuɗi. Takarda takan ruɓe, labarin baka yakan sauya daga kaka zuwa jika, amma ƙarfen da aka buga wa hatimi yana riƙe da sunan mai mulki da shekararsa har ranar da maƙeri ya jefa shi a wuta. Saboda haka ne a ƙasashen duniya ake da mutanen da suka mayar da tara tsofaffin kuɗin Girka sana'a da ilimi. Mu kuwa a nan Ankara muna da irin wannan taska a ƙasan akwatunan iyayenmu mata, cikin tsumma ko gwangwanin madara, kuma kullum raguwa take yi.

Mujiyar Atina

A ƙasar Lidiya, cikin yammacin Turkiyya ta yau, aka fara buga tsabar kuɗi irin wadda ta bazu a yammacin duniya, wajen shekara 600 kafin Miladiyya. Da gaurayen zinariya da azurfa aka soma, har Sarki Kurosus, wanda ya hau mulki wajen 560 kafin Miladiyya, ya raba su, ya buga na zinariya daban, na azurfa daban. Biranen Girkawa suka ɗauki dabarar, kowane birni da alamarsa. Tsibirin Ejina ya zaɓi kunkuru, birnin Korinti ya zaɓi doki mai fiffike, birnin Sairin da ke Libiya ta yau ya sa hoton wani tsiro na magani da yake sayarwa.

Wanda ya fi su suna shi ne kuɗin Atina. A fuska ɗaya akwai kan Atena, abin bautar birnin, a ɗaya fuskar kuma mujiya mai manyan idanu da reshen zaitun. Ma'aunin su shi ne dirakma, mai nauyin giram 4.3 ko kusa da haka, babbar tsabar kuma dirakma huɗu ce a haɗe, wato giram 17 da ɗoriya. A ƙarshen ƙarni na 5 kafin Miladiyya dirakma ɗaya ita ce ladan yinin ƙwararren magini a Atina.

Azurfar daga ramukan Lauriyon take fitowa, kudu da birnin, kuma bayi dubbai ne suke haƙo ta cikin duhu. A shekarar 483 kafin Miladiyya aka ci karo da wata jijiya mai yawan gaske. Wasu suka ce a raba wa 'yan gari, Temistokilis ya ce a gina jiragen ruwa na yaƙi. Shawararsa aka bi, kuma jiragen nan ne suka karya rundunar Farisa a Salamis a shekarar 480. Mujiyar ta yi farin jini har a Masar da kudancin ƙasar Larabawa aka riƙa buga kwaikwayonta, domin ɗan kasuwa ya san nauyinta, ya yarda da tsarkinta.

Abin lura a nan shi ne, biranen Girka ba sa sa fuskar mutum mai rai a kan kuɗinsu. A ganinsu kuɗi na gari ne, kuma wanda ya ɗora kansa a kai yana neman ya ce garin nasa ne.

Iskandar da magadansa

Iskandar ɗan Filibus na Makedoniya ya hau mulki a 336 kafin Miladiyya, ya mutu a Babila a 323 yana ɗan shekara 32. Cikin wannan ɗan lokaci ya kwashe taskokin sarakunan Farisa, ya narka su, ya mayar da su albashin soja. Kuɗinsa na azurfa suna ɗauke da kan gwarzo Herakilis sanye da fatar zaki, a baya kuma Ziyus zaune bisa karaga da gaggafa a hannu, da sunan Iskandar a gefe. An buga su daga Girka har Babila, aka kuma ci gaba da buga su da sunansa fiye da shekara 200 bayan mutuwarsa, saboda kasuwa ta saba da su.

Da ya mutu bai bar magaji mai ƙarfi ba, sai sarakunan yaƙinsa suka yayyaga daular. Kowannensu yana bukatar ya nuna wa soja da talaka cewa shi ne halastaccen magaji, kuma a zamanin da babu jarida babu rediyo, tsabar kuɗi ita ce sanƙira mai shiga kowane gida. Batlamiyus, wanda ya riƙe Masar, ya fara buga kan Iskandar lulluɓe da fatar kan giwa. Lisimakus, mai mulkin Tiraki, ya buga kan Iskandar da ƙahon rago a gefen kunne, alamar abin bautar Masarawa Amun. Wannan hoto yana cikin abin da ya sa ake ta muhawara a kan ko Iskandar ne Zulƙarnaini. Wasu malaman tafsiri sun karkata ga haka, wasu kuma sun ƙi, suna cewa bawan Allah mai tauhidi ba zai zama wannan sarkin ba.

Daga nan sai aka tsallake iyakar da kakanni suka kafa. Bayan sun naɗa kansu sarakuna a tsakanin 306 da 304, Batlamiyus da Dimitiriyus suka ɗora fuskokinsu a kan azurfa suna raye. Zuriyar Batlamiyus ta mulki Masar kusan shekara 300, har zuwa Sarauniya Kiliyobatara wadda ta mutu a shekara ta 30 kafin Miladiyya.

Can gabas, a Baktiriya da arewacin Indiya, wato Afganistan da Pakistan na yau, Girkawa sun kafa masarautu da sarakuna gommai. Littattafan da suka tsira sun ambaci kaɗan ne daga cikinsu. Sauran duk daga tsabar kuɗi aka san sunayensu da fuskokinsu, har da jerin wanda ya gaji wani. Da an narkar da kuɗin nan an yi zobba, da an shafe su daga tarihi baki ɗaya. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa masana suke daraja masu tara tsofaffin kuɗi. Suna kuma jin tsoronsu, domin inda gwanjo ya yi tsada ɓarayin tono sukan yi yawa. A 1984 aka haƙo tsabar azurfa kusan 1,900 a Elmali ta Turkiyya, aka fitar da su a ɓoye, sai a 1999 aka mayar wa ƙasar da mafi yawansu bayan doguwar shari'a a Amurka.

Yadda dirakma ta zama dirhami

Mai karatu zai ce, ina ruwan ɗan Zango da kuɗin Girkawa? Ruwansa yana cikin littafin fiƙihun da yake karantawa. Kalmar dirakma ta shiga Farisa ta zama diram, ta shiga Larabci ta zama dirham, ta iso Hausa ta zama dirhami. A cikin Suratu Yusuf an ambaci cewa da 'yan dirhamomi ƙidayayyu aka sayar da Annabi Yusuf (AS). Dinari kuwa daga sunan kuɗin Rumawa ya samo asali.

Musulmin farko sun yi ciniki da azurfar Farisa mai ɗauke da kan Kisra da hoton wurin bautar wuta. Bayan an ci ƙasar ma an ci gaba da buga ta haka, sai dai a ƙara bisimilla a gefe. Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ne ya sauya wannan. A shekara ta 77 bayan Hijira ya fitar da dinari wanda babu hoton kowa a kansa sai rubutu, bayan shekara biyu dirhami ya biyo baya, mai nauyin kusan giram 3. Da wannan ma'auni ake lissafin nisabin zakkar azurfa, dirhami 200, wato wajen giram 595. Da shi kuma malamanmu na Malikiyya suke faɗin mafi ƙarancin sadaki, rubu'in dinari ko dirhami uku. Ashe duk ranar da aka ɗaura aure a Maamobi aka ambaci dirhami uku, sunan kuɗin Atina ne yake fitowa daga bakin liman.

Kuɗin da ba su da fuska

Ƙasashenmu sun bi wata hanya daban. A Tadmakka, tsohon birnin fatake da ke arewacin Mali, al-Bakri ya ba da labari a ƙarni na 11 cewa dinarinsu zinariya ce tsantsa wadda ba a buga mata hatimi ba, kuma masu tonon tarihi sun samo tukwanen zubin irin waɗannan kuɗi a wurin. Tonawa a Kumasi da garin zinariya suke ciniki, kowane attajiri da ma'auninsa da 'yan duwatsun awonsa na tagulla. Daular Usmaniyya ta Sakkwato, duk da faɗinta, ba ta buga tsabar kuɗi da sunan Sarkin Musulmi ba.

Kuɗinmu wuri ne, kuma kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. Daga tsibiran Maldib na tekun Indiya ake kawo shi. Ashirin hauya ce, dubu zambar, dubu ashirin kuma keso guda. Da Bature Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar ana canza riyal ɗaya na azurfa a kan wuri 2,500. Da wuri fataken Gwanja suka yi cinikin goro a Salga, suna kawo kanwa da tufafin Kano da fatu. Daga tsakiyar ƙarni na 19 'yan kasuwar Jamus suka riƙa jibgo wani wuri mai araha daga gaɓar Zanzibar, darajarsa ta yi ta faɗuwa, har ɗaukarsa a tafiya mai nisa ya zama asara.

Tun da babu hatimin sarki da zai tsaya wa kuɗi, sai mutum ya tsaya musu. Maigida a zango shi ne yake saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa dillali, ya lamunce bashi. Amana ita ce bankinmu. Da Ingilishi suka ƙone Kumasi a 1874, hanyar goro ta rikice, yaƙin basasa kuma ya watsa Salga a 1892, sai jama'arta suka bazu zuwa Kete-Krachi, inda Alhaji Umaru ya zauna har rasuwarsa a 1934, da Kumasi da bakin teku. A Ankara Malam Naino ya kafa zangonsa, ɗansa Malam Bako ya buɗe Sabon Zango wajen 1910, a farkon shekarun 1930 kuma Malam Amadu Futa ya sami filin da ya zama Nima daga iyalan Odoi Kwao. Wannan tsarin amana shi ne jarin da suka iso da shi.

Sarauniyar da ta mutu kuɗinta bai mutu ba

Wata azurfa mai fuska da ta saba da hannun Bahaushe ita ce riyal na Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya. Ta rasu a 1780, kuma duk wanda aka buga bayan nan shekarar 1780 ake rubuta masa, ko da a ƙarni na 20 aka buga shi, daidai da yadda aka yi da sunan Iskandar. Nauyinsa giram 28 ne, kashi 83 cikin ɗari azurfa. Ya ratso Sahara ta Tarabulus zuwa Barno da Kano, ya zama ajiyar attajiri da adon mata. Fulani sun jera shi a kitso, maƙeran fari sun narkar da shi sun yi mundaye da zobba. Mutanen da ba su san inda Ostiriya take ba sun san adon da ke kafaɗar matar nan, da shi suke gane na gaske da na jabu.

Gaɓar tekun nan tamu ma ta taɓa samun kuɗin azurfa nata na kanta. A 1796, da kuma 1818, kamfanin 'yan kasuwar Ingila da yake riƙe da ganuwar Cape Coast ya sa aka buga masa tsabar da ake kira aki, sunan wani ma'aunin zinariya, da ƙaramarta taku, wadda takwas suke yin aki ɗaya. Bugun 1818 yana ɗauke da kan Sarki Joji na 3. Rubutun da ke jiki yana alfahari da 'yancin ciniki da Afirka bisa dokar majalisa ta 1750, alhali babban cinikin da ganuwoyin nan suka tsare a zamanin bugun farko shi ne na bayi. An rushe kamfanin a 1821. Yau aki yana cikin kuɗin Afirka ta Yamma da masu tarawa suke nema ido rufe.

Sule, sisi, taro da anini

Mulkin mallaka da kuɗinsa ya zo. Soja Hausawa da Kyaftin Glover ya jagoranta a yaƙin 1874, da waɗanda suka biyo su cikin rundunar Gold Coast, da sulalla ake biyansu. Kuɗin koko da na aikin jirgin ƙasa su ma haka. Garin zinariya da wuri suka ja baya.

A 1907 aka fara buga ƙananan kuɗi masu huji a tsakiya domin ƙasashen Ingila na Afirka ta Yamma. Aninin shekarar, wato ushirin kwabo, da alminiyom aka yi shi, kuma yana cikin tsabar alminiyom na farko da aka kashe a kasuwa a duniya. A jikinsu akwai tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci mai faɗin darajar kuɗin, shaida ce ta cewa Bature ya san su wa ke riƙe da kasuwa kuma da wane rubutu suke karatu. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma a Landan, a 1913 ta fitar da fataka da sule da sisi da taro na azurfa, da kan Sarki Joji na 5, sule da fataka kuma da bishiyar kwakwar manja a baya. Kuɗi ɗaya ne daga Banjul har Kano, don haka falke yakan tashi daga Ankara ya sauka Ikko ba tare da ya nemi ɗan canji ba.

Alhassan Ɗantata, wanda mahaifiyarsa ta yi zaman kasuwanci a Ankara, yana cikin waɗanda suka fara aika goro ta jirgin ruwa zuwa Ikko kafin ya koma Kano ya shiga cinikin gyaɗa. Ana ba da labarin cewa a 1929 kayan raƙuma ashirin na tsabar azurfa ya kai ajiya banki a Kano. Labarin yana nuna irin yardar da mutanenmu suka yi wa ƙarfe. Lokacin yaƙin duniya na farko azurfa ta yi tsada, aka fito da kuɗin takarda a 1916, jama'a suka yi ta ƙyamarsu, suna ɓoye sulalla. Daga 1920 hukuma ta koma buga su da gaurayen tagulla. Wanda yake da sulen 1913 zuwa 1919 azurfa ce ta gaske a hannunsa.

Akwai wani abin mamaki a cikin masu hujin nan. Sarki Edward na 8 ya hau gadon Ingila a Janairun 1936, ya yi murabus a Disamba saboda matar da yake so ya aura. Ingila kanta ba ta kai ga sakin kuɗi da sunansa ba. Amma da yake kwabo mai huji ba ya bukatar hoto, sai suna da kambi, an buga kwabo da ɗari da anini na 1936 da sunansa, aka kashe su a kasuwanninmu. Sarkin da bai shekara ba ya bar sunansa a gwangwanin kakarka.

Kuɗin sun tafi, sunayen sun zauna. Har gobe muna cewa ba ni da ko anini, ko sisin kwabo. Ɗari, wato rabin kwabo, sunan wuri ɗari ne ya bi shi. Taro kuwa, wanda mutanen Ga suke kira tro, shi ne kuɗin mota a wancan zamani, daga nan trotro da muke hawa kullum ta sami suna.

Rigimar kan Nkrumah

Ghana ta sami 'yanci ranar 6 ga Maris 1957, kuma tun kafin a buga sabon kuɗi gardama ta tashi: kan wa za a sa? Sarauniyar Ingila ce shugabar ƙasa a bisa doka har zuwa 1 ga Yuli 1960, Kwame Nkrumah firaminista ne. 'Yan adawa suka ce sa kansa a kan kuɗi da kan sarki na wasiƙa alamar mulkin mutum ɗaya ce. Shi kuwa ya rubuta a wata jaridar Landan a watan Yunin 1957 cewa da yawa daga mutanensa ba su iya karatu ba, sai sun ga ɗan ƙasarsu a kan kuɗi za su gaskata cewa 'yanci ya tabbata. Gardamar da Girkawa suka yi shekara fiye da dubu biyu da suka wuce ita ce ta dawo Ankara, kuma kowane ɓangare yana da hujjarsa.

Zango bai kasance ɗan kallo ba a wannan lokaci. Jam'iyyar Musulmi ta MAP tana cikin 'yan adawa, wasu 'yan Zango kuma suna tare da CPP. A watan Agustan 1957 gwamnati ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan, manyan Zangon Kumasi, zuwa Najeriya, a ƙarshen shekarar kuma doka ta hana kafa jam'iyya bisa addini ko ƙabila. Ranar 14 ga Yuli 1958 Bankin Ghana ya saki fam da sule da kwabo na ƙasa. A fuska kan Nkrumah ne, kewaye da rubutun Latin da yake kiransa wanda ya kafa ƙasar Ghana, a baya kuma tauraro mai tsini biyar.

Ranar 19 ga Yuli 1965 aka koma sidi da pesewa, har yanzu da kansa. Sidi daga kalmar Akan ta wuri aka samo shi, wato kuɗin da Bature ya kora ya dawo ta ƙofar suna. Bayan wata bakwai, ranar 24 ga Fabrairu 1966, soja suka yi juyin mulki yana kan hanyar zuwa Hanoi. A Fabrairun 1967 aka fito da sabon sidi, aka cire fuskarsa, aka sa koko da ganguna da tambarin ƙasa. Daga baya hoton wuri kansa ya hau kan tsabar sidi ɗaya ta 1979. Sarki goma zamani goma. Yau takardun da aka fitar a 2007, lokacin da sidi 10,000 ya koma ɗaya, suna ɗauke da Nkrumah a jere da J. B. Danquah, abokin adawarsa da ya rasu a kurkukun Nsawam a 1965, a 2010 kuma aka ba Nkrumah takardar sidi biyu shi kaɗai.

Dattawanmu sun ga ranakun da suka koya musu bambancin takarda da ƙarfe. Dokar korar baƙi ta Nuwamban 1969 ta ba marasa takardun zama mako biyu su bar ƙasa, gidaje da rumfuna suka tafi a farashin banza, abin da ya shiga ɗaurin zane shi ne ya tsallaka iyaka. A Maris 1979 aka canza takardun kuɗi, wanda ya kai sidi goma aka ba shi bakwai, abin da ya haura 5,000 kuma aka biya rabinsa. A 1982 aka janye takardar sidi hamsin. Tsohuwar da ta ƙi rabuwa da riyal ɗinta da mundayenta ta san abin da take yi.

Abin da ya rage a hannunmu

Tarihin Zango ba shi da yawa a ɗakunan ajiyar takardun gwamnati, kuma abin da yake can mafi yawansa da idon baƙo aka rubuta shi. Shaidunmu suna cikin kundayen malamai, da bakin tsofaffi, da waɗannan 'yan ƙarafa. Idan tsohuwa ta rasu aka zo rabon gado, sau da yawa gwangwanin nan yakan faɗa hannun yara su yi wasa da shi, ko a kai wa maƙeri ya auna ya biya kuɗin nauyi. Kamar sarakunan Baktiriya, akwai kakannin da ba abin da ya rage na sawunsu sai abin da suka ƙulle a tsumma.

Wanda ya sami irin wannan a gidansu, kada ya goge shi da toka ko lemun tsami ko man goge ƙarfe, domin gugar tana cin rubutun, tana kuma karya darajarsa wurin masana. A ajiye shi inda babu laima, kowane ɗaya a 'yar takardarsa. A ɗauki hoton fuska biyun da waya. Azurfa ba ta bin maganaɗisu, kuma riyal na gaske yana kai giram 28 a ma'aunin maƙeri. Shekarar 1780 da ke jikinsa ba ta nufin a shekarar aka buga shi, don haka kada wani ya ruɗe ka da zancen miliyoyi, ko ya ce akwai wani sinadari na asiri a cikin tsohon kwabo. 'Yan damfara sun daɗe da wannan waƙa. Yawancin kuɗin nan an buga su da yawa, farashinsu a kasuwa kaɗan ne. Mai son fitar da kayan tarihi waje kuma ya sani doka ta ce sai da izinin hukumar gidajen tarihi ta Ghana.

Mafi muhimmanci shi ne tambaya tun masu amsa suna raye. Wa ya kawo wannan riyal, daga Salga ko daga Kano ko daga hanyar Makka? Sadakin wa ne wannan sule? A kitson wa aka huda wannan sisi? Hujin da yake rage masa kuɗi a gwanjon Landan shi ne yake ƙara masa daraja a wurinmu, domin yana nuna ya rataya a jikin wata uwa tamu. A rubuta amsar, da boko ko da ajami, a haɗa ta da tsabar. Makarantun Islamiyya da ƙungiyoyin matasa na Nima da Maamobi suna iya ware rana guda a shekara kowa ya kawo na gidansu a nuna wa yara, a jera su daga wuri zuwa riyal, daga sule zuwa sidi, a karanta musu tarihin unguwarsu a kan tabarma ɗaya.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka sha rana a hanyar Gwanja, ya sa albarka a abin da suka bari, ya ba mu ikon riƙe amanarsu. Amin.